Mushen Dabbar Gida a Gidajen Haya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A garin Jibiya da Magama, inda hanyar Katsina ta ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, akwai mutane da yawa da ke zaune a gidajen haya. Daga cikinsu akwai ma'aikatan kwastan, da na shige da fice, da direbobi, da fatake. Waɗansunsu su kan ajiye kare domin gadi, ko kyanwa domin ɓeraye, ko tantabaru da aku domin sha'awa. Ran da dabbar ta mutu, mai gidan kansa ya kan haƙa rami a bayan gida ko a gona. Ɗan haya kuwa ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, tsakar gidan ta kowa ce, sau da yawa ma an dafe ta da siminti. Don haka sai ya jira dare, ya jefa mushen a juji, ko a kwata, ko a gulbi.

Haɗarin yar da mushe

A dā ungulu ce ke share juji. Yanzu ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Mushen da aka yar ya kan kwana biyu ko uku, karnuka na ja, ƙudaje na sauka, yara na wasa kusa da shi. In guba ce ta kashe dabbar, kamar maganin ɓera, duk abin da ya ci naman zai iya mutuwa.

Jefawa a gulbi ya fi muni. Ruwan da ya wuce Jibiya shi ne Gulbin Maraɗi: ya kan shiga ƙasar Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Ambaliyar watan Yuli na 2018, wadda ta hallaka mutum fiye da 40 a Jibiya, ta nuna ƙarfin wannan ruwa da damina. Wanda ya jefa mushe cikinsa ya aika wa maƙwabta ƙazanta, ita kuwa cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan.

A fara tambayar abin da ya kashe ta

Dabbar da tsufa ya kashe, ko mota ta take, binnewa kawai ta ke bukata. Amma akwai cututtuka uku waɗanda tilas a kai rahotonsu kafin a taɓa mushen.

Na fari, haukan kare. Alamunsa su ne dalalar miyau, da cizon abin da aka tarar, da canjin haushi, da shanyewar ƙafafun baya. Kyanwa ma ta kan kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo ya kan kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya. Ƙwayar cutar tana cikin miyau da ƙwaƙwalwa, saboda haka likitan dabbobi ne kaɗai zai cire kan domin gwaji a ɗakin bincike, kamar na Vom kusa da Jos, wanda aka kafa a 1924. Lalle a yi hanzari, gama zafi ya kan ɓata ƙwaƙwalwar. Wanda dabbar ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan domin allura, kada ya jira sakamakon gwaji. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, kusan babu mai tashi.

Na biyu, ciwon saifa, wanda ya kan kama ragon da a ke turkewa a tsakar gida, ko akuya, ko jaki. Dabbar ta kan faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura. Kada a feɗe ta, kada a cire fatar, domin ƙwayar ta kan rayu cikin ƙasa shekaru da yawa. An tabbatar da ɓullar ciwon a Suleja a watan Yuli na 2023.

Na uku, murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka fara ganinta a Afirka, a wata gona kusa da Jaji, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magariya ta ƙasar Nijar. In tantabaru ko kaji suka mutu da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a sayar da sauran.

Yadda za a binne

Mai ɗauka ya sa safar hannu, ko ya rufe hannuwansa da leda, ya sa mushen a buhu ya ɗaure. A binne ran da ta mutu. Zurfin ramin kada ya gaza ƙafa 4, domin kada karnuka su tone. In ana zaton ciwon saifa ne, ƙafa 6, bisa umurnin likitan dabbobi. A nisanci rijiya da gulbi da fadama da kamar yadi 100, a zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya. A danne ƙasar, a ɗora duwatsu ko ƙaya. A ƙone tsumman da dabbar ta kwanta a kai, a wanke wurin da sabulu. Kada a jefa mushe cikin masai, kada kuma a kai shi maƙabarta.

Aikin Hakimi da malaminsa

Tun da rashin wuri ne tushen matsalar, ana roƙon Hakimi ya shawarci dagatai, da masu unguwanni, da duba-gari na Ƙaramar Hukuma, su keɓe ɗan fili a bayan gari domin binne dabbobi, a yi shela kowa ya san shi, musamman baƙi. Mai unguwa kuma ya gargaɗi masu gidajen haya su riƙa nuna wa sabon ɗan haya wurin.

Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta rana, da unguwa, da irin dabbar, da alamun da aka gani, da sunan duk wanda ta ciza, da ko daga ƙetaren iyaka aka kawo ta. In mutuwa iri ɗaya ta kai biyu ko uku a unguwa guda cikin mako, a aika wa ofishin dabbobi takarda nan da nan. Karen da ya ciji mutum kada a yi gaggawar kashe shi in ana iya tsare shi: a ɗaure shi kwana 10, likita na dubawa.

Mai dabba sau da yawa yana cikin baƙin ciki, yana kuma tsoron a tuhume shi. In aka karɓe shi da faɗa, na gaba zai ɓoye. In aka karɓe shi da mutunci aka nuna masa inda zai haƙa, zai dawo da labari, da wannan labari kuwa a ke tare annoba tun ba ta bazu ba.