Sabon Kiɗa a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Yi Ba a Ɓata Fuskar Motocin Agadas Ba

A Agadas tsohuwar mota ba ta saurin yin ritaya. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi Peugeot 504 ta hannu a Faransa, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar da ita a Nijar, su hau jirgi su koma gida. A farkon 1979 tseren Paris-Dakar na farko ya ratsa garin. Daga baya kamfanonin yawon buɗe ido, irin su Temet Voyages na marigayi Mano Dayak, suka riƙa kai baƙi duwatsun Abzin da rairayin Tenere a cikin Land Rover da Toyota Land Cruiser. Tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya sun karya wannan kasuwa, amma wasu daga cikin motocin suna nan suna cin hanya, makanikai na tashinsu duk sanda suka kwanta.

Rediyon kaset da ke cikin waɗannan motoci ya yi aikin da tarihi ba zai manta ba. Waƙoƙin jita na Abzinawa, irin na Abdallah ag Oumbadougou, ta kaset suka bazu daga hannu zuwa hannu a zamanin tawayen shekarun 1990, lokacin da mallakarsu ma kan jawo wa mutum fitina da hukuma. Da wayar salula ta shigo, sai waƙa ta koma katin memori da Bluetooth. Ta haka waƙoƙin da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008 suka zagaya Sahara kafin duniya ta san shi. Yau direban da ke da Land Cruiser ta 1985 yana da ɗaruruwan waƙoƙin Bombino da Etran de l'Aïr a aljihunsa, rediyon motar kuwa kaset kawai ya sani, idan ma yana tashi.

Hanyar da ta fi zuwa wa mutane a kai ita ce a sa zarto a faɗaɗa ramin dashbod, a cusa babban rediyo mai allon taɓawa. Nan ne garin neman gira ake rasa ido. Dashbod ɗin motar da aka daina ƙerawa shekaru talatin da suka wuce ba a samunsa a shago, kuma masu tara tsofaffin motoci a Turai da Amurka, waɗanda suka sa farashin Land Cruiser 60 ya tashi, abin da suke fara dubawa shi ne ko an taɓa kayan asali. Ko ba don sayarwa ba, allon gilashi ba ya ganuwa sosai a tsakar ranar Agadas, kuma direban da ke kan hanya mai gargada ba ya iya saita yatsa a kansa. Maɓallin murɗawa na da kuwa hannu yana gane shi ido na kan hanya.

Dalilin da ke sa a kai ga zarto shi ne awo. A 1984 aka mayar da ma'aunin Jamus, wanda ake kira DIN, ma'aunin duniya: faɗin rediyon mota milimita 180, tsayin fuskarsa milimita 50. Motoci da yawa da suka girmi wannan ƙa'ida suna da ƙaramar taga a tsakiya da huda biyu a gefe, inda sandunan maɓallai ke fitowa. Rediyon yanzu ba ya shiga irin wannan gurbi sai an yanka ƙarfe.

Hanyoyi uku da ba sa buƙatar yanka

Ta farko ita ce mafi araha. Idan injin kaset yana juyawa, akwai kaset na musamman da ba shi da zare, sai ɗan kan maganaɗisu da ke fuskantar na rediyon, yana miƙa masa sautin da ya karɓo daga waya. Idan ɓangaren FM ne kawai ke aiki, sai a soka ƙaramar na'ura a ramin kunna sigari, ta watsa kiɗan wayar a kan wani zango da babu tasha tsakanin megahaz 87.5 da 108, rediyon ya kama kamar gidan rediyo. A daji wannan yana tafiya daidai, domin tashoshi ba su da yawa. Sai dai araha ba ta ado: sautin ba ya fita tangaram, kuma rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan yana tsayawa ne a megahaz 90.

Ta biyu ita ce ɓoyo. A bar tsohon rediyo a gurbinsa, a sa ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera ko a bayan akwatin dashbod, waya ta zama ita ce mai zaɓen waƙa. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne amfilifaya ajin D. Ta da, ajin AB, kusan rabin wutar da take sha zafi take zama, shi ya sa take da girma da fukafukan sanyaya. Ajin D kuwa kunna wuta da kashe ta take yi sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar yana tafiya lasifika. Don haka girmanta ba ya wuce tafin hannu.

Ta uku ta fi tsada. Ko dai gwanin gyaran rediyo ya kwashe kayan cikin tsohon, ya sa sabon allo a bayan fuskar, ya haɗa shi da maɓallan asali, ko kuma a yi odar sabon rediyo mai tsohuwar fuska. Kamfanin Blaupunkt na Jamus ya sake fito da samfurinsa Bremen SQR 46 na 1986, inda murfin da ya yi kama da ƙofar kaset yake ɓoye ramin filash da na katin memori. Kamfanin RetroSound na Amurka kuma yana yin mai sanduna biyu da ake matsarwa su dace da hudar tsohon dashbod.

Wuta kafin sauti

Kowace hanya aka bi, tambayar farko ga mai wayarin ita ce irin wutar motar. Kayan sauti na mota na bolt 12 ne, amma wasu Land Cruiser masu shan gas, da Land Rover na soja, na bolt 24 ne, da batir biyu a jere. Wasu kan ɗauko waya daga batir ɗaya don su sami 12. Rediyo zai tashi, amma batir ɗaya zai riƙa ƙarewa, ɗayan yana cika fiye da kima, a ƙarshe duka biyun su mutu. Maganin shi ne na'urar da ke sauko da 24 zuwa 12. Land Rover da aka ƙera kafin 1967 kuma tana da nata tarkon: kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin motar, saɓanin motocin yau. Wanda ya haɗa sabon rediyo bai duba ba, hayaƙi zai gani.

Dole a sa fiyus kusa da batir, domin wayar da gargada ta goge da ƙarfe tana iya kunna wa mota wuta. Kukan nan mai kama da busa, wanda ke tashi idan an taka totur, daga altaneta yake shigowa, kuma yawanci alama ce cewa wayar da aka ɗaure a jikin mota ta hau kan fenti ko tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya fito, a ɗaure tam.

Lasifika da yanayin hamada

Sau da yawa ba rediyon ne ya gaji ba, lasifika ce. Ta da takarda ce, busasshiyar iska da zafi sun sa ta tsage. Canza ta kaɗai, a bayan ragar asali, yana gyara babban ɓangaren matsalar ba tare da ido ya ga wani sabon abu ba. Lasifikar mota yawanci om 4 ce. Idan aka tara biyu a kan waya ɗaya suka koma om 2, rediyon yana iya yin zafi ya ƙone. Kada kuma rubutun kwali ya ruɗi mai saye: rediyon da aka rubuta wat 50 sau huɗu, ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai bai wuce kimanin wat 20 a kowace lasifika ba.

Zafin Agadas a watan Mayu yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Ƙananan tulunan ajiyar wuta da ke cikin rediyo suna da ruwa a ciki, kuma ƙa'idar masu ƙera su ita ce ƙarin digiri 10 yana rage musu rabin rai. Don haka ba a ɗora amfilifaya a saman dashbod, ba a kuma lulluɓe ta da bargo. Faifan CD bai dace da wannan ƙasa ba, ƙura tana rufe idonsa, gargada tana sa shi tsalle. Filash da katin memori ba su da abin da ke juyawa, sai dai a nema wa raminsu murfi saboda hunturu. Wayoyi kuma a yi musu dalma, domin murɗawa da naɗa tef ba ta kai mutum Iferwan.

Ma'aunin aiki mai kyau ɗaya ne: duk abin da aka sa ya zama ana iya cire shi motar ta koma yadda take. Kada a yanke wayarin asali, a ja sabon layi. Rediyon da aka cire a naɗe shi a ajiye, ya bi motar ranar da za a sayar. Sannan a haɗa kayan sautin da makulli, yadda za su mutu idan an kashe inji. Mai kwana a hanyar Bilma da ya bar kiɗa yana shan batir har asuba, zai tashi ya tarar da mota ba ta tashi, ga kuma Land Cruiser ba ta turuwa a cikin rairayi.