Da tsohuwar zuma ake magani? Yadda ake farfaɗo da manhajojin farko da suka gwada aikin likita

A watan Disambar 2024, wasu masana kwamfuta da masu binciken tarihi suka yi nasarar tayar da wata manhaja da ta shafe kusan shekara 60 a kwance.

Sunan manhajar ELIZA. Farfesa Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT da ke Amurka ne ya rubuta ta a tsakiyar shekarun 1960, kuma ta yi suna ne saboda yadda take kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Mutum zai rubuta mata damuwarsa, ita kuma ta juya kalamansa ta mayar masa da su a matsayin tambaya.

An daɗe ana zaton ainihin rubutun umarnin manhajar ya ɓace, sai a 2021 wani mai bincike, Jeff Shrager, tare da taimakon ma'aikatan adana kayan tarihi na MIT, suka gano shi a cikin takardun da Weizenbaum ya bari. A kan takarda aka same shi, ba a faifai ba.

Wannan aiki ya sake jan hankali zuwa ga wasu tsofaffin manhajoji da suka fi ELIZA nauyi, wato waɗanda aka gina domin su taimaka wa likita ya gano cutar da ke damun majinyaci. A daidai lokacin da jama'a ke tambayar ChatGPT da makamantanta game da zazzaɓi da ciwon kai, mutane ƙalilan ne suka san cewa an taɓa yin irin wannan gwaji shekara 50 da suka wuce, kuma an rubuta sakamakonsa dalla-dalla.

Kwamfutar da ta fi manyan likitoci a Leeds

Tun a 1959 wasu Amurkawa biyu, Robert Ledley da Lee Lusted, suka wallafa maƙala a mujallar Science inda suka nuna cewa ana iya bayyana tunanin likita ta hanyar lissafi. Sai dai ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi tayar da ƙura a birnin Leeds na Ingila aka yi shi.

A can ne wani likitan tiyata, Tim de Dombal, da abokan aikinsa suka haɗa tsarin da ke duba masu fama da matsanancin ciwon ciki. Likita zai cika fom: inda ciwon ya fara, inda ya koma, ko akwai amai, ko taɓa cikin na ƙara zafi. Kwamfutar sai ta kwatanta amsoshin da bayanan ɗaruruwan majinyatan da aka gani a baya, ta fitar da yiwuwar kowace cuta, misali afendis ko toshewar hanji ko fashewar gyambon ciki.

A sakamakon da suka wallafa a 1972, wanda ya shafi majinyata 304, kwamfutar ta yi daidai a kusan kashi 92 cikin 100, yayin da babban likitan da ya duba kowane majinyaci ya yi daidai a kusan kashi 80.

Amma da aka ɗauki tsarin aka kai wasu asibitoci a wajen Leeds, sai ƙoƙarinsa ya ragu. Mutanen da ke zuwa asibitin sun bambanta, yawan kowace cuta ya bambanta, har yadda likitoci ke fahimtar kalmomin da ke cikin fom ɗin ba ɗaya ba ne.

MYCIN, mai bayyana hujjarta

A farkon shekarun 1970, wani ɗalibi a Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya, Edward Shortliffe, ya fara gina MYCIN a matsayin aikin digirinsa na uku, tare da Bruce Buchanan da Stanley Cohen. An ciro sunan ne daga ƙarshen sunayen wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Aikinta shi ne gano ƙwayar bakteriyar da ta shiga jinin majinyaci ko ta jawo masa sanƙarau, sannan ta ba da shawarar magani da adadin da ya dace da nauyin jikinsa.

Ƙa'idoji kusan 600 aka zuba mata, waɗanda aka tattaro daga bakin ƙwararrun likitoci. Kowace ƙa'ida tana da siga ɗaya: idan an ga kaza da kaza, to akwai alamar kaza ce. Kowacce kuma tana ɗauke da lamba da ke nuna ƙarfin tabbacinta, domin likita ba kasafai yake da cikakken yaƙini ba.

Abin da ya fi burge masu nazari a yau shi ne, likita na iya dakatar da ita a tsakiyar tambayoyi ya nemi dalilin da ya sa ta yi wata tambaya, ita kuma ta nuna masa ƙa'idar da take bi. Bayan ta yanke shawara, yana iya neman ta jero matakan da ta bi ɗaya bayan ɗaya.

A 1979 aka wallafa sakamakon gwajinta a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. An ɗauki bayanan masu sanƙarau 10, aka ba MYCIN da wasu likitoci su rubuta magani, sannan aka miƙa wa ƙwararru takwas su tantance ba tare da sun san wane ne ya rubuta wanne ba. An amince da shawarwarin MYCIN da kashi 65 cikin 100. Malaman koyar da likitanci biyar da aka gwada tare da ita sun samu tsakanin kashi 42.5 zuwa 62.5.

Duk da haka, ba a taɓa amfani da MYCIN wajen kula da majinyata a asibiti ba. Tana aiki ne a kan wata ƙatuwar kwamfuta samfurin PDP-10 da mutane da yawa ke rabawa, kuma sai likita ya zauna ya shigar da kowane bayani da hannu, abin da kan ci rabin awa ko fiye. Ga kuma tambayar da ba a warware ba: idan shawarar ta jawo asarar rai, wa za a kama, likita ko wanda ya rubuta manhajar?

Ilimin mutum ɗaya a cikin na'ura

A Jami'ar Pittsburgh kuwa burin ya fi haka girma. Dokta Jack Myers, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen cututtukan cikin jiki, ya haɗa kai da masanin kwamfuta Harry Pople, daga baya Randolph Miller ya shigo, suka gina INTERNIST-1. Shekara da shekaru ana zuba mata ilimi har ta san cututtuka sama da 500 da alamomi fiye da 3,500.

A 1982 aka gwada ta da wasu shari'o'in jinya 19 masu sarƙaƙiya daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston. A cikin cututtuka 43 da ya kamata a gano, ta kuskure 18, likitocin da suka kula da majinyatan suka kuskure 15. Waɗanda suka gina ta da kansu suka rubuta cewa ba ta kai a dogara da ita a asibiti ba, domin ba ta fahimtar yadda cuta ke sauyawa da lokaci ko yadda sassan jiki ke da alaƙa da juna.

Daga nan suka sauya tunani. Maimakon na'ura ta zama mai yanke hukunci, sai ta koma mai tunatar da likita abin da wataƙila ya manta. Haka aka samu QMR a tsakiyar shekarun 1980. A wannan lokaci ne kuma ɗakin binciken Octo Barnett a Boston ya fitar da DXplain, wadda aka ci gaba da sabunta ta tsawon gomman shekaru.

Yadda ake tayar da matacciyar manhaja

Farfaɗo da irin waɗannan manhajoji ba kamar kunna tsohon rediyo ba ne. Abu huɗu ake buƙata a lokaci guda: rubutun umarnin manhajar, da harshen da aka rubuta ta da shi, da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sannan ita kanta kwamfutar. Idan ɗaya ya ɓace, sauran ba su da amfani.

Matakin farko shi ne nema. Wasu rubutun suna kan faifan maganaɗisu da ke lalacewa da daɗewa, wasu a kan takardun da aka buga aka jefa cikin kwali. Na kan takarda sai an sake shigar da shi cikin kwamfuta, kuma tawadar da ta dusashe kan sa a kasa bambance sifili da harafin O, ko lamba 1 da harafin I. Kuskure ɗaya ya isa ya hana komai tashi.

Mataki na biyu shi ne kwaikwayon tsohuwar na'urar. Tunda kwamfutocin wancan zamani sun kusa ƙarewa, sai a rubuta manhajar da za ta sa kwamfutar yau ta riƙa yin aiki tamkar ta da. Shirin SIMH, wanda injiniya Bob Supnik ya fara a 1993, yana kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci da dama, ciki har da PDP-10. Akwai kuma masu aikin sa-kai da ke raya Interlisp, harshen da aka rubuta MYCIN da shi, a ƙarƙashin shirin Medley.

Masu aikin ELIZA duk sai da suka bi wannan hanya. Sun yi amfani da kwaikwayon kwamfutar IBM 7094 da babbar manhajarta CTSS, sannan suka rubuta wasu ƙananan sassa da ba a samu a cikin takardun ba. Da ta tashi, sai suka gano tana da wani aibi: idan aka rubuta mata lambobi sai ta tsaya cak. Ba su gyara ba. Hujjarsu ita ce, mai adana tarihi ba ya yi wa tarihi kwaskwarima.

Akwai hanya ta uku, wato a sake gina manhajar daga bayanan da aka wallafa. Littafin da Buchanan da Shortliffe suka fitar a 1984 ya bayyana yadda MYCIN ke aiki filla-filla, kuma a 1992 Peter Norvig ya sake rubuta ƙaramin samfurin injinta a cikin littafinsa na koyarwa, wanda yanzu yake kyauta a intanet. Ɗalibin da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya kunna shi ya ga yadda ƙa'idojin ke bin juna.

Me ya sa ake wannan wahala?

Dalili na farko shi ne lokaci na ƙurewa. De Dombal ya rasu a 1995, Myers a 1998, Weizenbaum a 2008, Barnett kuma a 2020. Duk wanda ya tafi, ya tafi da bayanin da ba a rubuta ba, kamar dalilin da ya sa aka ba wata alama maki uku maimakon huɗu. Wannan ne ya sa cibiyar bincike ta Inria a Faransa ta ƙaddamar da shirin Software Heritage a 2016 domin adana rubutun manhajoji, kuma hukumar UNESCO ta mara mata baya a shekarar da ta biyo.

Na biyu shi ne batun hujja. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu sun fi na da iya magana nesa ba kusa ba, sai dai ba ƙa'idoji rubutattu suke bi ba. Daga tarin rubuce-rubuce suke koyo, kuma ko waɗanda suka gina su ba sa iya nuna takamaiman matakan da suka kai ga wata amsa. MYCIN kuwa, idan ta yi kuskure, ana iya nuna ƙa'idar da ta jawo shi a gyara ta. Mai son kwatanta hanyoyin biyu yana buƙatar tsohuwar tana aiki a gabansa, ba labarinta kawai ba.

Na uku shi ne gwaji. A 1994 aka jarraba huɗu daga cikin irin waɗannan manhajoji, ciki har da QMR da DXplain, da shari'o'in jinya 105 masu wuya. Sun ambaci cutar da ta dace a tsakanin kashi 52 zuwa 71 cikin 100. Irin wannan tantancewa ta masu zaman kansu ita ce ma'aunin da ya kamata duk wata sabuwar manhajar lafiya ta hau kafin a yarda da ita.

Darasin Leeds kuma ya shafi mai karatu kai tsaye. Manhajar da ta koyi aiki daga majinyatan Boston ko Landan za ta auna zazzaɓi ne da abin da ya fi yawa a can. A Kano ko Maraɗi, likita zai fara tunanin maleriya da taifot, a lokacin zafi kuma ya sa sanƙarau a lissafi. Alamar ɗaya ce, amma amsar ta dogara da inda majinyacin yake.

Abin da ba za a yi da su ba

Babu wanda ke farfaɗo da waɗannan manhajoji domin a duba majinyaci da su. Ilimin da ke cikin MYCIN ya tsaya ne a shekarun 1970. Tun daga lokacin an samu sababbin magunguna, ƙwayoyin cuta da dama sun daina jin na da, kuma cututtuka irin su ƙanjamau, wanda sai a 1981 aka fara bayyana shi, ba sa cikin lissafinta. A nan dai tsohuwar zumar ta nazari ce, ba ta sha ba.

Weizenbaum da kansa ya yi gargaɗi tun da wuri. Ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake rubuta ELIZA kuma ta san na'ura ce, ta nemi ya fita daga ofis domin ta keɓe da ita. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunne kan miƙa wa kwamfuta hukuncin da ya shafi rayuwar ɗan Adam.

Masu aikin farfaɗo da ELIZA sun saki komai kyauta a intanet, har da aibin lambobin, domin duk mai so ya sauke ya gwada da kansa.