Abin da turmin haƙori ke faɗa, da abin da ba ya faɗa

Mai cin tsire a Tudun Wada ko Jekadafari a garin Gombe ba ruwansa da yawan tudun da ke saman turminsa, muddin yana tauna. Amma akwai masana da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan ’yan tuddai da kwaruruka, domin siffarsu gado ce daga iyaye. Da zarar haƙori ya gama ginuwa, siffar ba ta sakewa sai dai ta lashe, kuma ɓawonsa ya fi ƙashi jure zama a ƙasa. Shi ya sa a Gobero, cikin hamadar Nijar, inda ayarin Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an samu haƙoran mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka wuce.

Wahalar tana wajen awo. Abin da wani ya kira babban tudu, wani ƙarami zai ce. Albert Dahlberg ya fitar da allunan misali a shekarun 1950, sannan a 1991 Christy Turner na Jami’ar Jihar Arizona a Amurka, tare da Nichol da Scott, suka fitar da tsarin da ake bi yau. Mai bincike zai ajiye haƙori gefen allo, ya ba shi maki. Tudun Carabelli, wanda ke fitowa a turmin sama ta ɓangaren ganɗa, yana da mataki daga 0 zuwa 7: daga sumul, zuwa ’yar tsaga, zuwa rami, har cikakken tudu mai cin gashin kansa. Carabelli sunan wani likitan haƙori ne na Viyana da ya bayyana shi a 1842. A turmin ƙasa kuwa ana ƙirga tuddai, a duba yadda kwaruruka suka haɗu. Idan dama da hagu sun saɓa, wanda ya fi fitowa ake rubutawa. Turmin da tsakuwar dutsen niƙa ta cinye, a bar gurbinsa fayau. Cika shi da zato ha’inci ne.

A 1997 Joel Irish ya nuna cewa wasu siffofi sun fi yawa a Afirka kudu da Sahara, ciki har da tudun da ake kira na bakwai a turmin ƙasa na farko. Har wushirya, wadda muke yabo, ta shiga lissafinsa.

A nan ne nake jan kunne. Gombe gari ne da Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Hausawa suka cakuɗa, ga auratayya ta shekara da shekaru. Kada wani ya leƙa bakin maƙwabcinsa ya ce ya gano asalinsa. Tudun Carabelli akwai shi a Turai, akwai shi a nan. Tsarin yana magana ne kan kashi nawa cikin ɗari na jama’a ke da siffa kaza, sai an tara mutane masu yawa kafin a kwatanta al’umma da al’umma.

Da yawa daga cikin haƙoran Afirka da aka yi wa wannan maki, na ƙoƙunan kai ne da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Alhali aikin ba ya cin kuɗi: allunan misali, gilashin ƙara girma, fitila mai kyau, da kwafin haƙora irin wanda likita ke zubawa kafin ya yi wa mutum na roba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen haƙori. Da yardar masu haƙoran, ɗalibai biyu za su iya farawa, kowa ya ba da makinsa a keɓe, sannan a gwada a ga inda suka saɓa.