Faɗakarwa Ga Masu Ɗibar Irin Kankana Daga Kasuwa

Al'ada ce sananniya a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutum ya sayi kankana a kasuwar Sheme ko a bakin hanyar Funtuwa, ya yanka ya tarar da ita ja wur, ga zaƙi, sai ya tara 'ya'yanta a faifai ya shanya, da niyyar idan noman rani ya kama ya zuba a fadamarsa ya huta da kuɗin iri. Niyyar kam ba ta da aibi, amma akwai illa a ɓoye wadda ya wajaba a bayyana, domin araha ba ta ado.

Kankana kashi biyu ce. Akwai ta asali, kamar Sugar Baby da Kaolack da Charleston Gray, wadda 'ya'yanta ke gadon siffar uwa. Akwai kuma mai aure, wadda ake rubuta F1 a jikin gwangwanin irinta, ita kuwa an haɗa jinsi biyu ne aka same ta. Idan aka sake shuka 'ya'yanta sai siffofin kakanni su rarrabu, wata ta fito ƙarama, wata fara-fara, wata salam, kamar yadda wani malami Bature, Mendel, ya bayyana ƙa'idar gado tun 1866. Alhali kuwa babu alamar da mai saye zai rarrabe ta asali da mai aure da ita a kan tebur.

Ko ta asalin ma ba ta kuɓuta ba, gama ƙudan zuma na kwasar garin fure daga gona zuwa gona, har daga guna, wadda take 'yar'uwar kankana ce ta kusa. Wannan barbara ba ta bayyana a ɗan da aka sha, sai a shukar da ta biyo baya. Bugu da ƙari, akwai cututtuka masu sa yaɗo ya yi yaushi ko ɗa ya ruɓe, waɗanda ke maƙalewa a jikin iri su shiga gona mai lafiya.

Saboda haka wanda zai noma don sayarwa, maslaharsa ita ce ya nemi iri mai shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, ya kuma shawarci malaman gona na hukumar aikin gona ta jiha, wato KTARDA. Wanda kuwa yake son ajiye nasa, ya ɗiba daga ta asali wadda ya san gonarta, ta nuna sarai a jikin uwa. Ya wanke, ya zubar da waɗanda suka taso saman ruwa, ya shanya a inuwa har ƙwaya ta riƙa karyewa ƙas, sa'an nan ya rufe a kwalba wuri mai sanyi. Kafin shuka ya naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma mako guda. In ƙasa da 7 suka tsiro, kada ya ɓata taki da man inji a kansu. Na kasuwa kuwa, kunya ɗaya a gefen gona ta ishe shi jarrabawa. Allah Ya sa mu dace, amin.