FITILAR ƊAUKAR HOTO: ABIN DA YA KAMATA MAI SANA'A YA SANI KAFIN YA SAYA

Garin Baleyara yana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 100 daga Yamai a kan hanyar Filinge da ƙasar Kurfai. Tun shekarar 2011 ya zama gunduma mai zaman kanta cikin jihar Tilaberi. Kowace Lahadi kasuwarsa takan tara Zabarmawa, Buzaye, Fulani da Hausawa, da raƙuma, shanu da bisashe iri-iri. A cikin masu neman abinci a wannan rana akwai masu ɗaukar hoto. Da rana aikinsu hoton takardu ne: na katin shaidar ɗan ƙasa, na ƴan lakwal masu shirin jarrabawa, na masu neman aiki. Da dare kuwa sai a kira su wurin buki, ko kai amarya, ko walima.

A nan wahalar take. Hasken rana kyauta ne, na dare kuwa sai an saye shi. Yau kusan kowa yana da salula mai ɗaukar hoto, amma ɗan hasken da ke jikinta ba ya kai ko'ina cikin duhu. Saboda haka abin da ya rage wa mai sana'a da zai fi sauran jama'a shi ne kyakkyawan hoton dare. Daren buki kuwa ba a maimaita shi. In hoton ya ɓaci, kuɗin aiki ya tafi, sunan mai hoto ma ya ɓaci a gari.

Magabata a wannan sana'a sun san haka. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna da hotunan dare na birnin Yamai a shekarun 1960 da 1970. Malik Sidibe na Bamako ya yi ta bin wuraren wasan samari da fitilarsa, har aka ba shi babbar kyauta a birnin Benis na Italiya a 2007. Kyamarorinsu na fim ne, na yau kuwa na kati, amma dokar haske ba ta sake ba.

ME YA SA TA JIKIN KYAMARA BA TA ISA

Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa da ƴar fitila a jikinsu, wadda masu sana'a ke kira filash. Tana da aibi uku. Ƙarfinta kaɗan ne. Tana kusa da idon kyamara ƙwarai, don haka lokacin hunturu, in ƙura ta cika iska, sai hoton ya fito da fararen ɗige-ɗige. Sa'an nan tana shan batirin kyamara. Maganin wannan shi ne fitila ta dabam, wadda ake ɗorawa a kan mazaunin ƙarfe da ke bisa kyamara. Ga wanda ke yawo tsakanin ƙauyukan Tagazar, ƙarama mai shiga aljihu ta fi babba daɗin ɗauka.

ƘARFIN HASKE

Abu na farko da za a duba shi ne lambar ƙarfi, wadda ake rubutawa GN, ko NG a takardar Faransanci. Lissafinta ba wuya ga wanda ya yi yaƙi da jahilci. Ana raba lambar da lambar buɗin idon kyamara, abin da ya fito shi ne nisan da haske zai kai. Misali, fitila mai lamba 20, in an buɗe ido a kan 4, za ta haskaka mutum a nisan mita 5. Mai lamba 36 za ta kai mita 9. Wannan lissafi a kan ISO 100 ne. In aka ɗaga zuwa ISO 400, nisan zai ninka sau biyu.

A tuna kuma cewa haske yana raguwa da sauri. In nisa ya ninka sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken kaɗai ke isa. Shi ya sa a hoton taro na gaba sukan yi fari fat, na baya su nutse cikin duhu. Gara a jera mutane a layi ɗaya ko biyu.

Mai saye ya lura da abu biyu a jikin kwali. Wasu kamfanoni suna rubuta lambar da ƙafa, ba da mita ba, ita kuwa mita ɗaya ta haura ƙafa uku, sai lambar ta yi kamar babba. Wasu kuma suna auna ta lokacin da aka tattara hasken wuri ɗaya, ba yadda ake baza shi a hoton taro ba.

KAI MAI JUYAWA

Abu na biyu shi ne kan fitilar. Wanda ba ya motsi yana jefa haske kai tsaye a fuska, goshi ya yi ƙyalli, baƙar inuwa ta fito a bayan kai. Ma'aikatan ofis suna iya ƙin karɓar irin wannan hoto, talaka ya sake biya. Mai kai mai ɗagawa kuwa ana iya juya shi sama, haske ya daki farin rufi ya sauko da taushi. Sai dai a ɗakin ƙasa ko rumfar zana wannan dabara ba ta ci, don itace da ciyawa suna shanye hasken, jan bango kuma yana rina shi. A nan sai a ɗaura farar takarda mai kauri a bayan kan fitilar, ta maido da hasken gaba. Wajen hoton takardu, a zaunar da mutum ɗan nesa da ƙyallen baya.

DACEWA DA KYAMARA

Abu na uku shi ne dacewa. Mazaunin fitila kusan iri ɗaya ne a ido, amma ƙananan ƙusoshin da ke isar da saƙo sun bambanta tsakanin Canon, Nikon da Sony. Fitilar da za ta auna haske da kanta, wato mai alamar TTL, dole ta zama wadda aka ƙera domin irin wannan kyamara. Kamfani kamar Godox yakan fitar da fitila ɗaya kala-kala, kowace da harafin kyamarar da ta dace da ita.

Duk da haka a nemi wadda ake iya rage ko ƙara ƙarfinta da hannu. Dalili kuwa, in baƙin mutum ya sa farar shadda, ma'aunin kyamara yakan ruɗe da farin rigar, ya rage haske, fuska ta yi duhu. Idon mai sana'a ne zai gyara wannan.

Akwai kuma haɗari cikin tsofaffin fitilu na zamanin fim da ake samu a kayan gwanjo. Wasunsu suna tura wuta fiye da volt 200 ta mazaunin, abin da zai iya ƙona cikin kyamarar zamani. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kada kuma kowa ya kwance fitila don gyara, domin tana ajiye wuta mai ƙarfi ko bayan an cire duwatsunta.

DUWATSU

Abu na huɗu shi ne abincin fitilar. Ƙananan sukan ci duwatsu biyu masu alamar AA, manya huɗu. Amfanin irin waɗannan shi ne ana samun su a teburin kowane ɗan kasuwa. Amma duwatsun tocila masu araha ba su jimre wa wannan aiki, sai mai hoto ya tsaya jiran fitila ta cika alhali amarya ta wuce. Masu alamar NiMH, waɗanda ake sake cajawa, sun fi, kuma ana iya cika su da faifan hasken rana inda babu lantarki. A riƙe na canji a jaka, a kiyaye su daga zafin rana. Ita ma fitilar, in an yi ta harba ta babu hutu, takan yi zafi ta tsaya.

KAFIN A BIYA

Gani ya kori ji. Wanda zai tafi Yamai sayen fitila ya tafi da kyamararsa da duwatsunsa. Ya ɗora ta a gaban mai kanti, ya ɗauki hoto a inuwa, ya ƙidaya daƙiƙa nawa take yi kafin ta sake cika, ya juya kanta ya ga ko yana tsayawa. Ya karɓi takardar ciniki.

Shugabannin ƙungiyoyin matasa da ma'aikatan da ke taimakon masu sana'ar hannu ya kamata su isar da wannan bayani ga masu hoto na karkara. Hoton da aka ɗauka yau a Baleyara, na ango da amarya ko na dattijon gida, shi jikoki za su nema gobe.