Dodon Koɗi na Ƙasar Barno da Malaman da Suka Yi Bahasinsa

Duk wanda ya tsaya a Tsohuwar Maiduguri, garin da ya riga Yerwa kafuwa tun kafin Shehu Garbai ya tare a 1907, ya dubi doguwar jigawar nan da ta ratsa ƙasar ta nufi Bama, to, ya sani gaɓar tafki yake kallo, domin wajen shekara 7,000 da suka shuɗe ruwan Chadi har nan yake kawowa. Daga cikin hujjojin da ma'abota ilmi suka kafa a kan wannan magana har da ɓawon katantanwa da ake tonowa a wuraren da ruwan ya janye, waɗanda ake auna shekarunsu a san zamanin da suka rayu.

Wani Bafaranshe, Christian Lévêque, ya fara aikinsa na ilmi a Fort-Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, cikin shekarun 1960, yana ɗebo laka daga ƙarƙashin tafkin, yana tacewa, yana ƙidaya dodon koɗi jinsi jinsi, yana auna girmansu da yawan haihuwarsu. Kuma da yake ya yi wannan tahakiki kafin farin 1973 ya raba tafkin biyu, sai abin da ya rubuta ya zama ma'aunin da na baya ke komawa gare shi in suna son sanin abin da aka rasa. Shi da abokan aikinsa biyu suka tattara ilmin tafkin cikin babban littafi a 1983.

Amma mas'alar da ta fi shafarmu ita ce ta wani ɗan ƙaramin jinsi mai suna Bulinus, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana zaune a kududdufai da magudanan noman rani da gefen rafi irin Ngadda. Tun 1851 likita Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira, amma sai a 1915 wani malami, Leiper, ya tabbatar, a can Misra, cewa tsutsar ba ta iya kama mutum sai ta fara renuwa a cikin dodon koɗi: mai ciwo ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shige dodon koɗin, bayan 'yan makonni dubban 'ya'ya su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka. Saboda haka ne wata mai bincike, Betterton, ta bi magudanan aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, can wajen Marte, tana nazarin inda Bulinus yake yaɗuwa.

A nan fa hikimar halitta ta bayyana. Yawancin dangin Bulinus suna da zaren gado 36 a kowace ƙwayar jiki, alhali kuwa jinsin da ake kira truncatus yana da 72, wato ninki biyu, alamar cewa a wani zamani mai nisa gadonsa ya ruɓanya. Kowane ɗaya mata-maza ne, yana iya haihuwa shi kaɗai ba tare da aboki ba, har ma da yawa ana ƙyanƙyashe su babu gaɓar namiji sam. A 1994 wasu malamai, Schrag da Read, tare da Ndifon na Jami'ar Bayero, suka buga bahasin da suka yi a tafkunan ƙasar Kano, inda suka nuna cewa sanyin ruwa lokacin da dodon koɗin yake ƙarami shi ke ƙara yawan masu wannan gaɓa. Wani jinsin kuma, senegalensis, in kududdufi ya ƙafe sai ya nutse cikin taɓo ya yi likimo har damina ta dawo. Wanda ya fahimci haka ya san dalilin da ya sa guda ɗaya da ya tsira ya isa ya cika kududdufi, ya kuma san cewa raba magani a makarantu, duk da alherinsa, ba zai kawar da cutar ba muddin ruwan yana nan yadda yake.

Abin da ke damuna shi ne, galibin wannan ilmi baƙi ne suka tara shi, ga kuwa Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a cikin gari tun 1975. Ina roƙon ɗalibanmu masu karatun halittu, wasunsu su ɗauki rariya su shiga Alau da fadamar Jere, su rubuta mana wane jinsi ke ina, da wane wata yake yawaita.