Rufin Kwano: A Duba Shi Tun Da Bazara

Daga Kankiya, bisa hanyar Kano zuwa Katsina, har Kusada, kwano yana ta korar rufin azara. Amma mun lura mutane suna zaton in an buga shi an huta ke nan. Alhali zafin bazara yakan sa kwano ya miƙe da rana, ya tsuke da dare, har ƙusoshi su yi sako-sako, sai iskar hadarin farko ta zo wajen Mayu ko Yuni ta yaye shi. Lalle a kira kafinta tun Afrilu, ya bi ƙusoshi, ya sake katakon da gara ta ci. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya kuwa a share su, don su ke riƙe danshi su jawo tsatsa. Malamai, ku duba azuzuwanku ma.